Yaron da Sanƙarau Ya Kama Sau Biyu

Lacca da aka gabatar a Gidan Sori, gaban masu gari, malamai, ungozomomi da ma'aikatan kiwon lafiya

 

Ba sai na gaya wa Bagobiri mene ne sanƙarau ba. Sunan ma ya faɗi ciwon: wuya ya sanƙare, kai kamar zai tsage, zazzaɓi, amai, ido ba ya son haske. Lokacinsa ma kun sani. Yana shigowa da ƙurar hunturu, ya yi ƙarfi cikin bazara, ruwan farko na sauka ya kwanta. A 1963 wani likitan sojan Faransa mai suna Lapeyssonnie ya bayyana yankin da wannan annoba ke kai-komo cikinsa, wanda a yau ake lissafa shi daga Senegal har Habasha, ƙasashe 26, kuma muna tsakiyarsa. Manyanmu na tuna annobar 1996, wadda ta kwantar da mutum wajen 250,000 a Afirka ta kashe wajen 25,000. A watan Disamba na 2010 aka fara allurar MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar, ta karya lagon sanƙarau nau'in A, har ya zama tun 2017 ba a sake tabbatar da shi a yankin ba. Sai nau'in C ya ɗaga kai: a 2015 ya kama mutum fiye da 8,000 a ƙasar nan, ya kashe fiye da 500, galibi a Yamai da Dosso. A 2017 ya iso maƙwabtanmu na Madarunfa, inda masu bincike suka gwada bai wa dukan ƙauye ƙwayar magani guda da zarar an samu mai ciwo, kuma yaɗuwar ta ragu ƙwarai a ƙauyukan da aka yi haka.

Wannan labarin annoba ke nan, labarin dubbai. Ni yau yaro guda na zo in yi magana a kansa: wanda ya yi sanƙarau, aka yi magani ya tashi, sannan bayan wata shida ko shekara ya sake kwantawa da shi, wataƙila ma cikin damina, lokacin da ba kowa ke yi ba.

Na taɓa irin wannan yaro da hannuna a farkon aikina. Ɗan shekara biyu ne, kakarsa ta goyo shi. Muka ɗebi ruwan bayansa ya fito gurɓatacce, muka yi masa allurai, ya warke, muka yi murna. Da ya dawo karo na biyu ba ni ke bakin aiki ba, kuma karnensa na farko, wato takardarsa ta asibiti, ya ɓace, don haka wanda ya karɓe shi ya ɗauka sabon majinyaci ne. A karo na uku kakar ta gane ni, ta ce, "Ɗana, ai kai ne ka yi masa na fari." Ranar nan na zauna na yi mata tambayoyin da ya kamata a ce an yi tun shekara guda baya. Ashe kunnensa bai taɓa daina zubar da mugunya ba. Ashe wansa ya rasu yana da wata goma sha ɗaya da ciwon haƙarƙari. Ashe ita kanta kakar, wadda ta haifi uwar yaron, ta binne 'ya'ya maza biyu tun ba a yaye su ba, matan kuwa duk suna raye. Yaron bai tashi daga kwanciya ta uku ba. Har gobe ina jin nauyin tambayoyin nan, shi ya sa na karɓi wannan gayyata.

Ƙwaƙwalwa tana cikin wurin da ya fi ko'ina tsaro a jikin mutum. Ga ƙoƙon kai, ga tantani hawa uku a ƙarƙashinsa, ga ruwa garai-garai da take shawagi ciki, wanda ya gangara har ƙashin baya. Sanƙarau shi ne ƙwayar cuta ta ƙetare duk wannan ta shiga tantanin da ruwan. Ƙetarewar ba ta da sauƙi. A cikin taron nan akwai masu ɗauke da ƙwayar sanƙarau a maƙogwaro yanzu haka, lafiyarsu lau, don jikinsu ya tsare ta a bakin ƙofa. Idan ta shiga sau ɗaya muna iya cewa tsautsayi ne da zafin annoba. Idan ta shiga sau biyu, akwai abin dubawa, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A 2008 wasu likitocin yara biyu, Tebruegge da Curtis, suka tattara labarin majinyata 363 da sanƙarau ya maimaita musu a ƙasashe daban-daban. Kashi 59 cikin ɗari tsagar bango ce ta gaske, wato wata kafa a ƙashi ko tantani. Kashi 36 raunin garkuwar jiki ne. Sauran kashi 5 kuwa ciwo ne da ya daɗe a maƙwabtan ƙwaƙwalwa, kamar kunne da kogunan hanci.

Tsagar ƙashi ba za ta ɗauke mu lokaci ba, amma ku riƙe alamarta. Yaron da ya faɗo daga amalanke ko bisa itace, ko jaki ya harbe shi a ka, ko kabu-kabu ya yar da shi, yana iya samun tsaga a gindin ƙoƙon kai wadda ido ba ya gani. Daga baya sai a ga ruwa fari kamar na randa yana ɗiga ta hanci guda, musamman in ya sunkuya. Wannan ba majina ba ce, ruwan ƙwaƙwalwa ne, kuma ta inda ya fito ta nan cuta za ta shiga. Wani jaririn kuma da ƙaramin rami ake haihuwarsa a tsakiyar baya, wani lokaci da 'yan gashi a bakinsa. Ungozomomi, ku ne kuke yi wa jariri wankan farko, ku duba wannan. Irin waɗannan aiki ake yi a toshe, ciwon ya daina dawowa.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe. Manyan ƙwayoyin da ke sa wa yara sanƙarau uku ne: meningokok mai kawo annoba, nimokok wanda shi ne kuma uban ciwon haƙarƙari da ciwon kunne, sai Hib. Dukansu suna sanye da riga mai santsi. Duk wanda ya taɓa kama tarwaɗa da hannu a gulbi ya san abin da nake nufi: ka damƙe ta, ta sulɓe. A cikin jini akwai fararen ƙwayoyi da aikinsu haɗiye cuta, amma wannan santsin yana hana su riƙo. Sai Allah Ya hore wa jiki wani makami da likitoci ke kira antibodi, masu karatun Faransanci su ce antikor. In aka girmama hotonsa, siffar gwafa gare shi, baki biyu da ƙota guda. Bakin ya cafke rigar cutar, ƙotar ta zama mariƙi, farar ƙwaya ta zo ta kama ta haɗiye. Kowace cuta da gwafarta, ta ƙyanda ba ta kama nimokok. Masu sassaƙa gwafar wasu ƙwayoyi ne da ake kira B, daga ɓargo suke fitowa, su zauna a kaluluwa da saifa da ƙulalan nan biyu na gefen maƙogwaro. Allurar rigakafi ba komai take yi ba illa ta nuna wa masassaƙan kamannin abokin gaba tun bai zo ba.

Jariri kuwa da gwafar aro yake zuwa duniya. A watanni ukun ƙarshe na ciki uwa tana tura masa nata ta mabiyiya, shi ya sa bakwaini ke zuwa da guzuri kaɗan. Nono na ƙara masa wani nau'in da ke tsare hanji da maƙogwaro, kuma dakashin farko ya fi kowane nono yawansa, don Allah a daina matse shi ana zubarwa. Guzurin uwa yana ƙarewa wajen wata shida. Kafin nan masassaƙan yaro sun kama aiki. Wasu yaran nasu kan yi jinkiri, su sha 'yan cututtuka, daga baya su daidaita kafin shekara uku ko huɗu. Amma akwai yaron da ba shi da masassaƙan sam.

A 1952, a asibitin soja na Walter Reed da ke birnin Washington na Amurka, wani likitan yara, Kanar Ogden Bruton, ya ba da labarin yaro ɗan shekara takwas da cuta ta shiga jininsa sau 19 cikin shekara huɗu da 'yan kai, sau da yawa nimokok. Ya yi masa alluran rigakafi, jikin bai amsa ba. Sai ya sa ruwan jininsa a na'urar da ke rarrabe sinadaran jini da lantarki, ya ga gurbin gwafa fayau, babu komai. Ya samo gwafar da aka tace daga jinin wasu mutane yana yi masa allura wata-wata, cutar ta daina shiga jinin. Ciwon ya ɗauki sunan Bruton, kuma a 1993 aka gano ƙwayar gadon da ke haddasa shi. Ba shi da yawa, ana ƙiyasta haihuwa ɗaya cikin wajen 200,000. Sai dai ɗaya ne kawai cikin ɗaruruwan cututtukan raunin garkuwa na gado da aka sani yanzu, kuma idan ya shiga gida ba ya tsayawa kan yaro guda.

Ga yadda yake tafiya. Yaro namiji, lafiyayye, mai ƙiba har wata shida. Daga nan kunne ya fara ruwa, ciwon haƙarƙari ya zo ya koma ya dawo, zawo ya ƙi tsayawa, maruru, wata rana sanƙarau. In ka buɗe bakinsa ka haska, ƙulalan maƙogwaro ba su nan ko kuwa 'yan mitsi-mitsi ne, ka lalubi wuya da hamata ba kaluluwa, alhali yaron da ke yawan ciwo kaluluwarsa kumbura ya kamata ta yi. Ta wajen uwa yake biyowa: mace na ɗauke da shi ba ya yi mata komai, kowane ɗa namiji da ta haifa rabi-da-rabi ne, ko ya ɗauka ko ya tsira. Saboda haka tambayar da ke buɗe ƙofa ita ce ta kawunnai: 'yan'uwan uwa maza, suna raye?

Iyayena, muna da suna ga matar da ke haihuwa 'ya'yan na mutuwa. Muna cewa tana wabi. Mukan sa wa yaron da ya biyo baya suna irin su Ajefas ko Ayashe, a nuna kamar ba a damu da shi ba ko ya zauna. Na san wannan daga ƙunar zuciya ya fito, ba raina shi nake yi ba. Abin da nake cewa shi ne, kalmar wabi laima ce da ta rufe cututtuka da yawa, akwai sikila a ciki, akwai rashin jituwar jinin uwa da na jariri, akwai tamowa, akwai wannan da muke magana, kuma kowanne da abin da za a iya yi masa. Idan muka tsaya ga sunan, mun rufe bincike.

Ina kuma roƙon maza da iyayen miji da babbar murya. Kada wani ya tashi daga nan ya ce likita ya ce laifin uwa ne. Ba ta zaɓa ba, ba ta sani ba, ita ma gada ta yi kamar yadda ka gaji tsawo ko launin fata. Matar da ta binne ɗa ba ta cancanci gori daga kishiya ko takardar saki ba. Kuma akwai nau'o'in raunin garkuwa masu yawa da sai uwa da uba sun haɗu kowa ya ba da rabi, suna kama mace da namiji, kuma sun fi fitowa inda ake auren zumunci. Shi ya sa likitocin Maroko da Tunisiya suka yi nisa a wannan fanni, har aka kafa ƙungiyar Afirka ta masu kula da raunin garkuwa a Kasabalanka a 2008. Ban ce a bar auren zumunci ba. Na ce gidan da aka yi ta rasa yara ƙanana, a nemi shawarar likita kafin a sake ƙulla wani a cikin dangin.

A ƙasarmu, raunin garkuwar da yaro ke samu bayan haihuwa ya fi na gado yawa nesa ba kusa ba. Na farko baƙon dauro, wato ƙyanda. A 2019 masu bincike suka auna jinin yaran ƙasar Holan da ba a yi wa rigakafi ba, kafin ƙyanda ta kama su da bayanta, suka ga ta share tsakanin kashi 11 zuwa 73 cikin ɗari na ire-iren gwafar da yaran suka tara. Wato ƙyanda tana sa jiki mantuwa. Kakanninmu sun lura cewa yaron da ya yi baƙon dauro yakan daɗe yana laulayi, ga dalilin. Na biyu sikila. Saifa ita ce matatar da ke kama ƙwayoyin nan masu santsi, sikila kuwa tana lalata ta tun yaro na ƙarami, shi ya sa nimokok ke yi wa masu sikila kisan gaggawa, shi ya sa kuma ake ba su penisilin kullum har su kai shekara biyar. Sai tamowa, wadda jihar Maraɗi ta ga tsananinta a 2005, domin gwafa da abinci ake sassaƙa ta. Sai ƙanjamau. Sai wani ciwon ƙoda mai kumbura fuska da ƙafa, inda gwafar ke zurarewa cikin fitsari. Akwai kuma waɗanda gwafarsu lafiya lau, amma wani sinadarin jini da ke huda meningokok ne babu, su meningokok kaɗai ke yi musu zarya, kuma an sami irinsu da dama a yankin Kef na Afirka ta Kudu.

Abokan aikina, yanzu da ku nake. Da farko a tabbata sanƙarau ne. Zazzaɓin cizon sauro da ya hau ka yana kama da shi, kuma ruwan baya kaɗai ke raba gardama. Iyaye na tsoron allurar baya, suna cewa tana gurgunta yaro. Ku zauna ku yi musu bayani: allurar tana shiga ƙasa da inda lakar ta ƙare, kuma shanyewar da suka gani ga wani yaro aikin ciwon ne. A aika ruwan a gwada, a bi sakamakon har ya dawo, domin cibiyar CERMES da ke Yamai tana gano sunan ƙwayar, sunan kuwa manuniya ce: nimokok sau biyu yana nuna tsaga ko gwafa ko saifa, meningokok sau biyu yana nuna wancan sinadarin. A kuma bambanta ciwon da ya dawo cikin sati biyu ko uku don ba a ƙarasa allurai ba, da sabon kamu bayan an warke sarai.

Sannan ku yi tambaya, ba ta cin ko dala. Ya taɓa yin irin wannan? Sau nawa aka kwantar da shi? Kunne ya yi ruwa sau huɗu ko fiye a shekara? Ciwon haƙarƙari sau biyu a shekara? Ya taɓa faɗuwa a ka? Yara nawa aka rasa a ɗakin, maza ko mata, da wane ciwo? Ku haska maƙogwaro, ku lalubi kaluluwa, ku duba baya. A yi awon sikila da na ƙanjamau. Akwai kuma lissafi mai sauƙi: a auna jimillar furotin na jini, a auna albumin, a ɗebe wannan daga wancan. Abin da ya rage, gwafa na cikinsa, in ya yi ƙasa ƙwarai an sami dalilin tura yaro gaba, daga Gidan Rumji zuwa Maraɗi, in ta kama har Yamai. Muna da jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo a Maraɗi tana yaye likitoci, ina fata wani cikin ɗalibanta ya ɗauki wannan a matsayin bincikensa, ya bi rajistocin asibitocin Gidan Rumji da Agye da Gazawa ya ƙirga yaran da suka dawo.

Kuma ku rubuta. Ku rubuta kalmar sanƙarau da kwanan wata ɓaro-ɓaro a karnen yaro. Iyaye mata, ku adana karnen nan cikin leda inda kuke ajiyar abin da kuka fi so, in ya cika a haɗa shi da sabo, kada a yar. Tun 2019 'yan'uwanmu daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka ƙetaro suna gudun 'yan bindiga, da yawa ba su tsira da ko takarda guda ba. Ga irin waɗannan yara bakin uwa shi ne karne, a ba ta lokaci ta faɗi duk abin da ta tuna.

Magani fa? Yana nan, shi ne wanda Bruton ya fara: gwafar da ake tacewa daga jinin dubban masu ba da gudummawa, ana kiranta imunoglobulin. Tana ƙarewa a jiki, don haka sai an ƙara duk sati uku ko huɗu, har iyakar rayuwa. Yaran da ke samunta suna girma, su yi karatu, su yi aure. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin magungunan da ba a rasawa, amma tana da tsadar da ta fi ƙarfin manomin gero, kuma wannan magana ce da ya kamata wakilanmu su kai gaba. Ƙasar da ta ɗauki alkawarin kula da yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta tun 2006 bai dace ta manta da waɗannan ba don su kaɗan ne. Kafin ta samu, ba a zauna hannu rungume ba. Likita na iya ɗora yaro kan ƙwayar kariya ta kullum, a tafasa masa ruwan sha, a wanke kunne a yi maganinsa da gaske, a hana wanzami taɓa shi da aska, kuma duk zazzaɓin da ya taso a kai shi ranar, ba gobe ba.

Wata magana da nake so a ji ta daidai, kada a juya ta. Yaron da likita ya tabbatar ba shi da gwafa, ba a ɗiga masa maganin shan inna na baki, kuma likitan zai faɗi abin da za a yi wa yaran gidansu. Wannan hukunci na yaro ɗaya ne cikin dubbai masu yawa, wanda aka auna aka rubuta masa. Sauran yaran gari kuwa rigakafinsu ne katangarsa. Shi ko an yi masa allura jikinsa ba zai sassaƙa komai ba, amma alluran zamani irin su MenAfriVac suna rage ƙwayar a maƙogwaron waɗanda aka yi wa, sai ta rasa ta inda za ta iso gare shi. Nijar ta sa rigakafin Hib cikin allurar jarirai a 2008, na nimokok a 2014. A 2024 Najeriya ta zama ƙasar farko da ta yi amfani da sabuwar allura mai kama nau'i biyar, A da C da W da Y da X, Nijar ta biyo baya a shekarar. Malamai da masu gari, ranar da masu allura suka iso, kalmarku ce ke fito da mata daga gida.

Ga jarirai wuya ba ya sanƙarewa kamar na manya. Abin dubawa shi ne maɗiga ta kumbura, ƙin kama nono, kuka mai tsini ko barcin da ba a iya tada shi, jiki ya saki, ko taune-taune. Cikin masu sanƙarau na ƙwayar bakteriya, wajen ɗaya cikin shida na rasuwa, ɗaya cikin biyar na tashi da tabo, mafi yawa kurumta, kuma yana iya kisa cikin kwana guda. Kada a tsaya turare ko saye-sayen ƙwaya a tebur. Bayan an sallamo yaro, ku tsaya bayansa ku tafa, ku kira sunansa ta kunnen dama da na hagu, in bai waiwayo ba ku koma ku faɗa.

Idan an shafa fatiha zan zauna a inuwar can har la'asar. Duk wadda ɗanta ya taɓa yin sanƙarau fiye da sau ɗaya, ko aka kwantar da shi asibiti sau uku ko fiye, ko ta rasa 'ya'ya maza a jere, ta zo mu gana ita kaɗai, ba a gaban jama'a ba, da karne ko babu. Yanzu kuma ga fili ga masu tambaya, mu fara da ɓangaren iyayenmu mata.